Yadda Ake Tantance Littafin Jiragen Yaƙi da Aka Rubuta Ana Cikin Yaƙin

Ranar Lahadi 15 ga Satumba 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi wa Landan ca har sau biyu, da hantsi da kuma bayan azahar. Kafin gari ya waye, BBC da jaridun Ingila sun baza labari cewa an kakkaɓo jiragen abokan gaba 185. Adadin nan ya shiga ɗan littafin da Ma'aikatar Sojan Sama ta Birtaniya ta buga a watan Maris 1941 a kan wannan gwabzawa, aka yi ta rububinsa har aka sayar da fiye da kwafi miliyan. Da yaƙi ya ƙare aka samu takardun rundunar saman Jamus, sai aka tarar jiragen da suka rasa a ranar ba su wuce 60 ba.

Wanda ya rubuta 185 ba ƙirƙira ya yi ba, haka aka miƙa masa. Abin da ya sa tantance irin waɗannan littattafai ke da wuya ke nan, domin yawancin kurakuransu an rubuta su ne da zuciya ɗaya. Kuma yanzu ga su a wayoyinmu, ana tura su ta WhatsApp, masu rubuta tarihi da Hausa a Facebook suna ɗibar alƙaluma daga cikinsu. Da zarar adadi ya shiga Hausa, da wuya a sami mai komawa ya binciko tushensa. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi littafin kafin a ɗauki komai daga cikinsa.

Mataki na farko: tsaya a bayan bango

Kada ka yi saurin shiga babi na ɗaya. Duba shafin da aka rubuta shekarar bugu da sunan maɗaba'a, ka nemi wata ma idan an sa, don a lokacin yaƙi wata shida kan sauya komai. Littafin da aka gama rubutawa a Oktoba 1941 bai san Amurka za ta shiga yaƙi ba. Ka lura ko bugu na farko ne ko an sake bugawa bayan yaƙi, kuma ko an gyara ko tsohon rubutun aka maimaita da sabon bango.

Daga nan ka gane irin littafin da ke hannunka. Akwai na hukuma, wanda ma'aikatar soja ko ta yaɗa labarai ta fitar don ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Akwai labarin matuƙin jirgi da ya rubuta abin da ya gani, ko wani ɗan jarida ya rubuta masa. Akwai na masu kira ga gwamnati ta zuba kuɗi a sojan sama, waɗanda kan zuzuta abin da jirgi zai iya. Akwai kuma ƙananan littattafan koyar da gane jirage ta siffarsu. Kowanne da inda yake tuntuɓe. Yawancinsu kuwa sun bi ta hannun masu tace labarai kafin su isa kasuwa.

Mataki na biyu: rarraba maganganun

Ɗauki littafin rubutu ka ja layi gida huɗu. Gida na farko, abin da marubucin ya gani da idonsa. Na biyu, abin da ya faɗa game da ɓangarensu: yawan jiragensu, wanda ya tashi, wanda bai dawo ba. Na uku, abin da ya faɗa game da abokan gaba. Na huɗu, hasashe da ra'ayi. Duk maganar da ke ɗauke da adadi ko rana ko suna, ka jefa ta gidanta tare da lambar shafi.

Za ka ga gida na biyu ya fi sauran tsabta, ko da yake akan ɓoye wani abu. Gida na uku shi ne matattarar ɓarna, can za ka ɓata yawancin lokacinka. Na huɗu ba a auna shi da gaskiya ko ƙarya, sai dai a duba ko abin da ya biyo baya ya gaskata shi.

Mataki na uku: adadin jiragen da aka ce an harbo

A nan zan daɗe, don nan ne aka fi yaudarar mai karatu.

Ka fara da fahimtar yadda faɗan yake. Jirgin yaƙin Ingila samfurin Spitfire ko Hurricane na 1940 yana da bindigogi takwas, kuma harsashin da ke cikinsu bai fi na daƙiƙa 15 ba idan aka danne kunama ba sassauci. Matuƙi na gudun fiye da kilomita 450 a awa, ya hango jirgin abokin gaba, ya sakar masa wuta daƙiƙa biyu ko uku, ya ga hayaƙi, ya ga jirgin ya sunkuya ƙasa. Ba shi da damar bin sa da ido har ya faɗi, don wanda ya tsaya kallo shi ake harbowa ta baya. Hayaƙin nan kuwa sau da yawa na inji ne da aka take wa totur, sunkuyawar kuma dabarar tserewa ce da matuƙan jirgin Jamus samfurin Messerschmitt 109 suka saba. Mutumin ya koma sansaninsa a Faransa lafiya lau, a Ingila kuma an riga an rubuta shi cikin waɗanda aka halaka.

Wani lokacin kuma jirgin ya faɗi da gaske, amma mutum uku ne suka harbe shi, kowa daga kusurwarsa, ba wanda ya ga ɗan'uwansa. Jirgi ɗaya ya zama uku a takarda. Matsalar ta fi muni a manyan jiragen Amurka masu jefa bam, inda kowane B-17 ke ɗauke da maharba da dama, ga jirage ɗaruruwa a jere suna harbin duk wanda ya ratsa. Ranar 17 ga Agusta 1943, a harin Schweinfurt da Regensburg, maharban suka ce sun harbo jiragen Jamus 288. Abin da Jamus ta rasa bai kai 50 ba. Amma adadin jiragen da Amurka ta ce ta rasa a ranar, wato 60, daidai yake.

Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya: adadin asara, wurin wanda ya yi asarar ake nemansa. Dalili kuwa mai sauƙi ne. Kwamandan da ya rasa jirage biyar dole ya rubuta biyar a takardar da zai aika hedikwata, in ba haka ba ba za a turo masa madadinsu ba, ba kuma za a sanar da iyalan matuƙan ba. Yana iya ƙarya a rediyo, amma ba ya yi wa ma'ajin kaya ƙarya don shi zai cutu. Saboda haka ka bambanta sanarwar da aka yi wa jama'a da takardun cikin gida.

Takardun nan suna nan. Na Birtaniya suna taskar adana takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. Rukunin da ake kira AIR 27 ya ƙunshi kundin aikin yau da kullum na kowace runduna: wane jirgi ya tashi, mai wace lamba, wa ke tuƙi, ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya sauka. Rukunin AIR 50 kuma rahotannin da matuƙa suka bayar ne bayan faɗa. Da yawa ana iya sauke su ta intanet. Na Jamus suna taskar takardun soja da ke Freiburg, musamman jerin asarar da ofishin babban mai kula da kayan rundunar sama ke tarawa. Na Amurka, akwai rahotannin ma'aikatan jirgin da suka ɓace, waɗanda aka fara cikawa a 1943, da kuma cibiyar tarihin sojan sama da ke sansanin Maxwell a jihar Alabama. Idan sunan mamaci kake nema daga ɓangaren Birtaniya da ƙasashen da ta raina, hukumar kula da kaburburan yaƙi tana da rumbun sunaye a intanet, da rana da inda aka binne kowa.

Ba kowa zai iya zuwa Kew ko Freiburg ba, kuma ba dole ba ne. Masu bincike na bayan yaƙi sun daɗe suna jera takardun ɓangarorin biyu rana bayan rana. Abin da za ka nema a littafin zamani shi ne ko ya faɗi lambar takardar da ya ɗauko adadinsa. Idan ya faɗa, ka samu madogara. Idan bai faɗa ba, mai yiwuwa shi ma daga littafin 1941 ya kwafo.

Ka yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, Jamusawa suna auna lalacewar jirgi da kashi cikin ɗari: 100 shi ne ya halaka ƙurmus, daga 60 zuwa sama an cire rai da shi sai a ciri kayan gyara, ƙasa da haka ana gyarawa. Don haka marubuta biyu masu gaskiya kan iya saɓawa, wannan ya ce 56, wancan ya ce 60, ya danganta da inda kowa ya ja layi, da ko ya ƙirga wanda ya faɗi wajen sauka. Saɓanin uku ko huɗu ba abin damuwa ba ne, saɓanin ninki uku shi ne magana. Na biyu, takardun ba su cika ba. Jerin asarar Jamus na yawancin 1944 ya ɓace, Japan kuma ta ƙona takardu masu yawa a Agusta 1945. Inda babu takarda, ka rubuta cewa da'awa ce, ka bar ta a haka.

Kada kuma ka ɗauka ɓangare ɗaya ne ke ƙari. Daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba 1940 Birtaniya ta ce ta harbo kusan 2,700, a 1947 gwamnati da kanta ta sauko da adadin zuwa 1,733. Jamus kuwa ta yi iƙirarin fiye da 3,000, alhali ƙananan jiragen yaƙin da Birtaniya ta rasa kusan 1,000 ne. Ƙarin nan ya cuci Jamusawa su kansu, don sun yarda da lissafinsu, suka riƙa zaton sojan saman Ingila ya kusa ƙarewa.

Mataki na huɗu: nemi abin da littafin ya yi shiru a kai

Wannan ya fi wuya, domin kana neman abin da babu shi a shafi. Littafin lokacin yaƙi zai gaya maka jiragen Ingila sun tare na Jamus a daidai wuri, a daidai lokaci, ya danganta abin da ƙwazo. Ba zai yi maka bayanin jerin tashoshin rada, wato na'urar hango jirage daga nesa, da aka kafa a gaɓar teku ba, domin sai a watan Yuni 1941 aka amsa a fili cewa akwai na'urar. Da matuƙin dare John Cunningham ya riƙa harbo jirage cikin duhu, sai aka yaɗa cewa kaifin ido ne da cin karas, alhali ƙaramar rada ce aka sa a jirginsa samfurin Beaufighter. Labarin fasa saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park kuwa bai fito sarari ba sai 1974, saboda haka har littattafan shekarun 1950 da 1960 ma makafi ne ta wannan fuska.

Akwai kuma shirun da siyasar cikin gida ke jawowa. Ɗan littafin nan na 1941 bai ambaci sunan Hugh Dowding ba, mutumin da ya jagoranci rundunar da ta yi faɗan, wanda aka sauke daga muƙaminsa a Nuwamba 1940. Churchill da kansa ya yi ƙorafi a kan haka. Duk inda ka ga nasara ta zo da bayani mai sauƙi ainun, ko ka ga babban aiki ba sunan mai shi, ka sa alama ka nemi littafin da aka rubuta bayan an buɗe takardu.

Mataki na biyar: jiragen su kansu

Abin da littafi ya faɗa kan jirgin abokan gaba yawanci zato ne na ma'aikatan leƙen asiri. Misalin da ya fi burge ni shi ne Heinkel 113. Jamusawa suna da 'yan jirage samfurin Heinkel 100, goma sha biyu ko makamancin haka, waɗanda rundunarsu ba ta karɓa ba. A 1940 sai suka riƙa sake musu fenti da tambari iri-iri suna ɗaukar hoto, suna bugawa a mujallu da sunan sabon jirgin yaƙi Heinkel 113, ko He 113 a taƙaice. Littattafan gane jirage na Ingila suka saka shi, matuƙa kuma suka riƙa dawowa da rahoton sun yi karo da shi, har da masu cewa sun harbo shi. Jirgin bai taɓa shiga wannan faɗa ba. Duk inda ka ga He 113 a labarin 1940, kusan tabbas Messerschmitt 109 ake nufi.

Akasin haka ma ya faru. Da Focke-Wulf 190 ya bayyana a 1941, an fara zaton tsofaffin jiragen Curtiss ne da Jamus ta ƙwace a Faransa. Ba a san haƙiƙaninsa ba sai da wani matuƙin Jamus ya yi ɓatan kai ya sauka a Pembrey ta yankin Wales a Yuni 1942. Jirgin Zero na Japan kuwa an raina nisan zangonsa ƙwarai, har da ya kai hari filin jiragen Amurka na Clark a Filifin ranar 8 ga Disamba 1941 aka ɗauka daga jirgin ruwa ya taso, alhali daga tsibirin Formosa, Taiwan ta yau, ya yi tattaki.

Sai ka riƙe ranar da kowane samfuri ya fara aiki. Spitfire mai lamba IX bai shiga fage ba sai tsakiyar 1942. Mustang mai raka manyan jirage har cikin Jamus sai Disamba 1943. Idan ka gan su a labari ko hoton da aka ce na 1940 ne, an yi kuskure ko an haɗa hoto da labarin da ba nasa ba. Lambar da ke jikin jirgi kusa da wutsiya tana taimakawa, don akwai jerin da ke nuna ranar da aka ƙera kowanne da rundunar da aka ba.

Ma'auni ma yana kayar da mutane, musamman masu juya labari zuwa Hausa. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku 1.852. Galan na Ingila lita 4.55, na Amurka 3.79. Kuma gudun da aka rubuta wa jirgi na sabon jirgi ne a wani tsayi na musamman. Wanda ya sha rana da ƙura, aka ɗaura masa matatar yashi da tankin ƙari, ba zai kai haka ba.

Mataki na shida: ina bam ɗin ya faɗi?

Littattafan 1940 da 1941 cike suke da masana'antun Jamus da aka ce an rugurguza da dare. A Agusta 1941 wani ma'aikacin gwamnati, David Bensusan-Butt, ya bi hotuna fiye da 600 da jiragen suka ɗauka lokacin sakin bam. Ya tarar cikin waɗanda suka ce sun kai hari inda aka tura su, ɗaya cikin uku ne kawai ya zo kusa da wurin da mil biyar. A Ruhr, yankin masana'antun Jamus, kuwa ɗaya cikin goma. Rahoton sirri ne, saboda haka marubutan lokacin ba su gan shi ba.

Jiragen ruwa sun fi sauƙin bincike, tunda kowanne yana da suna da tarihinsa. A Disamba 1941 Amurka ta sanar cewa B-17 na Kyaftin Colin Kelly ya nutsar da babban jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Haruna. Haruna ba ya ma wurin, kuma ya ci gaba da yaƙi har zuwa Yuli 1945 da aka nutsar da shi a Kure. Idan littafi ya ce an nutsar da jirgi kaza, ka nemi tarihin jirgin ka ga ranar da ya nutse da gaske.

Mataki na bakwai: taswira da agogo

Buɗe taswira ka auna nisa, ka raba da gudun jirgin, ka ga ko lokacin da aka faɗa zai yiwu. Ka tuna a bazarar 1940 agogon Jamus yana gaban na Ingila da awa ɗaya, don haka rahoto biyu masu bambancin awa guda na iya zama faɗa ɗaya ne.

A wani yanki na wannan tarihi mu ne muka fi kowa sanin ƙasa. Daga Satumba 1940 Birtaniya ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Fort Lamy, wato Njamena, da El Geneina da El Fasher da Khartum har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, yawanci jirgin jefa bam samfurin Blenheim ɗaya a gaba yana jan ayarin Hurricane da aka ƙara wa tankin mai. Daga Legas zuwa Kano ta sama kusan kilomita 830 ne, Kano zuwa Maiduguri kusan 500. Marubucin da ya ce hazo ya hana shi ganin Dala a watan Agusta ya rikita watanni, don lokacin marka ce, hazo sai hunturu. Wanda ya ce yaƙin bai taɓa leƙo wannan hanya ba shi ma ya yi kuskure, domin a Janairu 1942 wani Heinkel 111 ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy. Irin wannan dubawa ba ta buƙatar komai sai sanin gida.

Mataki na takwas: ƙirga shaidu da kyau

Ka ga adadi ɗaya a littattafai biyar, sai ranka ya kwanta. Dakata. Yi abin da malaman hadisi ke yi da isnadi, ka bi kowace ruwaya baya ka ga wurin wa ta tuƙe. Sau da yawa duka biyar ɗin suna komawa ga sanarwa guda da ma'aikata ta fitar da daren ranar faɗan. Jaridun lokacin ma haka suke, har da Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Tana da daraja ƙwarai wajen sanin abin da aka gaya wa kakanninmu da yadda suka ji shi, amma labarin fagen daga ta hannun hukuma yake iso mata, don haka ba shaida ta biyu ba ce.

Sabuntar littafi ma ba hujja ba ce. Farfagandar Jamus ta 1939 ta ce an hallaka sojan saman Poland a ƙasa tun ranar farko, aka yi ta kwafar maganar shekaru da yawa bayan yaƙi. Gaskiya ita ce Polawa sun kwashe jiragen yaƙinsu zuwa ƙananan filaye na ɓoye kafin 1 ga Satumba, suka kuma yi kusan mako biyu suna fafatawa a sama.

Mataki na ƙarshe: rubuta hukuncinka

Koma kan gidajen nan huɗu ka sa wa kowace magana alama: ta tabbata, an ƙara gishiri, kuskure ce, ko ba hanyar tabbatarwa. A gefen kowane kuskure ka rubuta dalilinsa, ko marubucin bai sani ba, ko an hana shi faɗa, ko yana son a yarda da wani abu. Ba na goyon bayan a yar da littafi don adadinsa ya karkace. Matuƙin da ya kuskure wajen ƙirga jiragen da ya harbo yana iya zama shaida mafi inganci a kan tsoro da gajiya da warin mai a cikin jirgi, da abin da mutane suka yarda da shi a ranar, kuma babu takardar ofis da za ta ba ka wannan.

Idan za ka ɗauki adadi ka sa a rubutunka na Hausa, ka sa shi da mai shi da lokacinsa, ka kawo na ɗaya ɓangaren a jimla guda. Maimakon ka rubuta cewa an harbo jirage 185, ka rubuta cewa Birtaniya ta sanar da 185 a lokacin, takardun Jamus da aka samu bayan yaƙi kuma suka nuna kusan 60.